Tafiya Ingila da takobin gado: ana bari ko ba a bari?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar filin jirgi. In Allah ya kai mu wata mai zuwa zan tafi Landan ɗaurin auren ɗana na fari, kuma ina da burin kai masa takobin kakanmu ya zama tsarabar aurensa. Da shi marigayi yake hawan sallah a tawagar hakiminmu. Miƙaƙƙe ne, kaifi biyu, tsawonsa har da ƙota ya kusa mita ɗaya, yana da kubensa da hamilarsa. Shin in sa shi a akwati kawai in tafi, ko akwai takardar da ake nema?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ni dai abu ɗaya na sani tabbas, Alhaji: kada ka kusantar da shi jakar hannu. Shekarar da muka je aikin Hajji na ga kwandon da ake zuba abin da aka karɓe a wajen bincike, cike yake da almakashi da aska da 'yan wuƙaƙen yanka lemo. Wata tsohuwa har kuka ta yi a kan wuƙar da ta gada wajen mijinta, amma ba a mayar mata ba.

Ɗan Kurmi:
Alhaji kada ka tayar da hankalinka. Mu nan kasuwa mun sha sayar wa baƙi takubba da wuƙaƙen damtse, mu naɗe musu a kwali, su sa a kayan awo su wuce. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce an hana shi ba.

Kawu Ritaya:
Ɗan Kurmi, naka sabon ƙira ne na tsaraba, nasa na gado ne, ba hukuncinsu ɗaya ba. Alhaji, na yi aiki a kan iyaka har na ajiye, don haka ka saurare ni. Mai fita da takobi ƙofa uku yake ratsawa, kowace da mai gadinta: ƙofar fita daga Najeriya, ƙofar jirgi, da ƙofar ƙasar da za ka sauka. Mutane suna damuwa da ta biyu da ta uku, su manta da ta farko, alhali a maganarka ita ce mai wuya.

Akwai dokar 1979, wadda aka fi sani da doka mai lamba 77, ita ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM. Ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar nan sai da izinin hukumar a rubuce, kuma kayan tarihi suna cikin jerin abubuwan da kwastan ba sa bari a fita da su. A dokar, aikin hannu na gida da aka ƙera kafin 1918 kayan tarihi ne, kuma ta ambaci makami. Sannan ga inda mutane ba su sani ba: ko da abin bai kai wannan shekaru ba, muddin yana da darajar tarihi ko ta fasaha kuma an taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya, yana iya shiga ciki. Kai da bakinka ka ce da shi ake hawan sallah. Ka ga kuwa maganar ta wuce ta akwati.

Abban Khalifa:
Ikon Allah. Kawu wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Shekarunsa dai mahaifinmu ya ce kakan ma a wajen mahaifinsa ya gada. Na zaro shi yanzu na duba, a jikin ruwansa kusa da ƙota akwai tambarin jinjirin wata guda biyu, sannan akwai kwari uku da suka bi tsawonsa.

Ɗan Agadas:
Sannu Elhaji. Wannan tambarin mun san shi sosai a nan. Tsofaffin takubban Abzinawa da na Hausa da yawa ruwansu daga Turai ya zo, musamman garin Solingen na Jamus, fatake suka ratso Sahara da shi, sai maƙeranmu su yi masa ƙota, dukawa su yi masa kube. Amma daga baya maƙeran gida sun riƙa buga irin tambarin a nasu ƙirar, saboda masu saye sun ɗauke shi alamar ƙarfe mai kyau. Don haka jinjirin wata shi kaɗai ba ya nuna shekaru. Masanin abin yakan duba zurfin tambarin, da yadda kwarin ya miƙe, ya lanƙwasa ruwan kaɗan ya ga ko zai koma daidai. Tsohon ƙarfen Turai yana komawa tsaf.

Mu ma a Nijar akwai dokar kare kayan gado ta 1997, ba a fita da tsohon abu haka kawai. In ka ce na uban kakanka ne, ni a ganina ya riga 1918 ko yana dab da ita.

Sadauki 01:
Ni fa wannan magana tana ƙona min rai. Abin kakanka, a ɗakinka, za ka kai wa ɗan cikinka, sai ka je ka roƙi wani ma'aikaci izini? Turawa da suka kwashe kayan Benin a 1897, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, wa ya ba su takarda? Su sun kwashe da bindiga, mu kuma sai da fom. Baba ka naɗe abinka cikin manyan riguna ka sa a tsakiyar akwati ka yi shiru. In an gani ka yi musu na goro, magana ta ƙare.

Kawu Ritaya:
Yaro, wannan shawarar ita ke jefa dattijo a abin kunya. Duk akwatin awo sai ta bi ta na'urar haska kaya, kuma ƙarfe mai tsawon mita babu rigar da za ta ɓoye shi. Wanda ya bayyana abu da kansa, in ba a yarda ba ana iya ce masa ya mayar gida. Wanda aka kama ya ɓoye kuwa fasa-ƙwauri ake rubuta masa, a ƙwace abin, jirgi ya tashi ya bar shi. Maganar na goro kuma rashawa ce, ka sani na sani, mai bayarwa da mai karɓa duk a cikin laifi suke. Mutum zai je ɗaurin auren ɗansa, kada ka ɗora shi a wannan hanyar.

Sadauki 01:
Na ji Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Amma tambayata tana nan: me ya sa gwamnati za ta yi iko da gadon mutum?

Malama Hajara:
Ƙanina, ai abin da ka kawo hujja shi ne ainihin dalilin dokar. Saboda an kwashe ne aka ce sauran da suka rage kada su bi bayansu. Bayan 'yancin kai ba da bindiga aka ci gaba da kwasa ba, dillalai ne suke bin gidaje suna saye da araha su fitar, shi ya sa aka yi yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan fataucin kayan tarihi, Najeriya kuma tana cikinta.

Ka dubi takobin da ake jingina wa Alhaji Umaru Futi, malamin jihadi daga ƙasar Senegal ta yanzu, wanda ya zauna a Sakkwato har ya auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sojojin Faransa sun tafi da shi a ƙarshen ƙarni na 19, ya zauna a gidan tarihin soja a Paris sama da shekara ɗari. Sai a watan Nuwamba 2019 firaministan Faransa Édouard Philippe ya miƙa shi ga shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, a Dakar, kuma sai da majalisar Faransa ta yi doka a ƙarshen 2020 kafin mallakarsa ta koma Senegal. Takobi ɗaya ke nan, da ƙarfin gwamnati a bayansa. To wa zai bi sawun na Abban Khalifa in ya fita?

Ba ina zargin angon ba ne. Amma 'ya'yansa a can za a haife su, jikokinsa ƙila ba za su ji Hausa ba. Wata rana a tashi daga gida a ga tsohon ƙarfe a saman sif a kai shi gidan gwanjo. Hawan sallar Kano da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a Disamba 2024, da irin waɗannan takubban da kayan dawakin aka gina shi. In kowane gida ya aika nasa waje, da me jikoki za su hau?

Sadauki 01:
Malama, a gida ma ai lalacewa suke. Tsatsa ta ci, gara ta ci kube, wani ɗan gidan ya sace ya sayar. A can aƙalla za a adana.

Malama Hajara:
Gaskiya ne ana sakaci, ban musa ba. Amma maganin tsatsa ɗan mai ne da tsumma da wuri marar danshi. Wannan bai kai a ce sai an tsallaka teku da shi ba.

Barista Landan:
Assalamu alaikum. Baba Alhaji, Allah ya sa albarka. Bari in yi bayanin ɓangaren Ingila, don nan ma akwai abin lura.

Ba kowane takobi aka hana shigowa da shi ba, akwai jerin waɗanda aka haramta. Tun 2008 an hana takobi mai lanƙwasa wanda ruwansa ya kai santimita 50 ko fiye, sai in ya haura shekara 100, ko an ƙera shi kafin 1954, ko an ƙera shi da hannu bisa hanyar gargajiya. Ku lura, bisalamin ado irin wanda alhazai ke sayowa tsaraba, in na masana'anta ne, yana iya faɗawa cikin wannan haramcin. An kuma hana sandar da ake ɓoye takobi a cikinta, da wuƙar da ake danna maɓalli ta fito. A watan Satumba 2024 aka ƙara da manyan wuƙaƙe da adduna masu haƙora ko huji-huji, sannan daga 1 ga Agusta 2025 aka hana wanda suke kira takobin ninja, miƙaƙƙe mai tsawon inci 14 zuwa 24 da tsini mai kusurwa. Wanda ka siffanta, miƙaƙƙe mai kaifi biyu da ya kusa mita, bai yi kama da ko ɗaya a cikinsu ba. Duk da haka in ka sauka ka bi layin masu bayyana kaya, mai jar alama, ka nuna da kanka.

Inda aka fi samun matsala shi ne bayan an shigo. Sashe na 139 na dokar hukunta laifuka ta Ingila ta 1988 ya haramta riƙe duk wani abu mai kaifi ko tsini a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, banda 'yar wuƙa mai naɗewa wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba kuma ba ta kullewa. Hukuncin yana kaiwa shekara 4 a gidan yari. Dokar ta yarda da uzurin aiki, da na addini, da na tufafin ƙasa, da shi mabiya addinin Sikh da mutanen Scotland suke riƙe nasu. Amma fa kai ne za ka tabbatar da uzurin, kuma sau da yawa sai bayan an kama mutum ake zuwa wannan maganar. Don haka in ana tunanin ango ya rataya shi ya fito titi a ɗauki hoto, ni ban ba da wannan shawarar ba. Daga filin jirgi zuwa gida a kulle cikin akwatinsa, a bayan mota.

Kawu, akwai abin da zan ƙara a kan dokar 1979. A cikinta akwai sashin da ya ce in mutum ya nemi izinin fitar da kayan tarihi aka hana shi, hukumar tana da ikon saye daga hannunsa a kan farashi mai adalci ko da bai so ba. Ya kamata Alhaji ya san wannan kafin ya cike takarda.

Abban Khalifa:
Subhanallah. Wato in je neman izini in dawo babu takobin? Barista wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Kawu Ritaya:
Barista ya yi gaskiya, sashin yana nan. Shi ya sa ba da takardar neman izini ake farawa ba. Ka ɗauki hotunansa da kyau, ruwan, tambarin, ƙotar da kuben, ka je Gidan Makama, tunda reshen hukumar ne a Kano, ka nemi ganin mai kula da kayan tarihi. Ka tambaye shi ra'ayinsa a kan shekarunsa. In ya ce maka wannan tsoho ne, ka samu amsarka, ka mayar da abinka ɗaki, babu wanda ya hana ka mallakarsa a cikin ƙasarka. Fitarwa da sayarwa ne doka ta ɗaure.

Malam Na Zaure:
Alhaji, kafin a kai ga hukuma akwai tambayar da ba a yi ba. Takobin nan an raba gado ya faɗo a rabonka ne, ko kuwa yana hannunka ne don kai ne babba? In ba a raba ba, haƙƙin duk magada ne, maza da mata, kuma ba ka da ikon yin kyauta da shi sai da yardarsu. Irin wannan ne yake raba zumunci bayan shekaru, a ce wane ya ɗauke kayan kakanmu ya ba ɗansa.

Abban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, a hannuna yake a matsayin babba. An raba gida da gonaki, shi kuwa aka ce a bar shi a gidan gado. Zan zauna da ƙannena a kai.

Ɗan Agadas:
Elhaji wani abu kuma, duba kuben. Da wace fata aka yi shi?

Abban Khalifa:
Jikinsa jar fatar akuya ce da aka yi wa zane, amma wajen baki da wajen ƙarshe akwai wata fata mai gida-gida kamar ɓawon kifi, ta yi duhu saboda tsufa.

Ɗan Agadas:
To wannan ko kada ce, ko guza, ko mesa. Dukansu suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta kare namun daji, wadda ta fara aiki a 1975. Ana iya barin ƙarfen ya wuce a riƙe abin saboda ɗan yankin fatar nan, in babu takardar izini daga ma'aikatar muhalli. Haka in ƙotar tana da hauren giwa, nan ma abin ya fi tsanani. Wuƙaƙen Yaman masu ƙotar ƙahon karkanda ma a wannan dalilin ake kama su. Mu da muke sayar wa baƙi mun daina sa fatar dawa gaba ɗaya, akuya da saniya kawai.

Injiniya Doha:
Baba ta ina za ka bi? Daga Kano yawanci sai an ya da zango, ko Addis Ababa, ko Alƙahira, ko nan Doha. In tikiti ɗaya ne kuma an yi wa kayanka rajista har Landan, ba za ka taɓa akwatin a hanya ba, don haka ba ka shiga ƙasar da ita ba. Amma in tikiti biyu ka yanka don sauƙin kuɗi, dole ka ɗauki kayanka ka fita ka sake awo, nan take dokar ƙasar zangon ta hau kanka. Masar tana da tsohuwar dokar makamai ta 1954 da ta haɗa har da takubba da wuƙaƙe. Da irin wannan kaya kada ka raba tikiti. Kuma ka kira kamfanin jirgin tun kafin ranar ka gaya musu abin da za ka ɗauko da tsawonsa, ka nemi su ba ka amsa a rubuce.

Ɗan Kurmi:
To ni na ga mafita. Alhaji ka bar na gado a gida, a ƙera wa ango sabo irinsa sak. Akwai maƙeran da in ka ba su hoto da awo za su fitar maka da shi, baduku ya yi kube da jar fatar akuya, a rubuta sunan ango da shekara a jikin ruwan. Shekarar da aka buga a jiki ma ta zama shaidar cewa sabo ne.

Kawu Ritaya:
Yanzu ka zo, Ɗan Kurmi. Amma ko sabon ne kada a tafi da shi haka. A karɓi rasit mai kwanan wata da sunan shago, a kai wa hukumar gidajen tarihi ta duba ta ba da takardar da ke nuna ba kayan tarihi ba ne. Ma'aikacin da ke bakin aiki ba masanin ƙira ba ne, in ya ga abu mai kama da tsoho yana da dalilin riƙe shi, takardar nan ce take raba gardama. Kuma a roƙi maƙerin kada ya shafa masa abin da zai sa ya yi kamar ya tsufa, wasu suna yi don ya yi tsada.

Wajen ɗauri: a shafa wa ruwan mai kaɗan, a mayar kube, a ɗaure ƙota da kube da igiya don kada ya zare, a naɗe da bargo. Takobin mita ba ya shiga akwatin tafiya, sai a sayi faffaɗan bututun roba irin na masu aikin famfo, a yanka daidai tsawonsa, a sa marfi a kowane baki. Kada a liƙe marfin da gam, a ɗaure da salatif yadda in an ce buɗe za a buɗe a mayar. Kwafin takardu ɗaya a cikin bututun, na asali a aljihunka. A wajen awo ka faɗa da bakinka tun kafin a tambaye ka, kuma ka je da wuri.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi waya da ƙanwata da ke bi na, tana jin maganar ta ce ita ba ta yarda ya bar gidan ba. Ɗan Kurmi zan neme ka gobe a kan sabon. Hotunan kuma zan kai Gidan Makama duk da haka, ina so in san shekarunsa don mu rubuta mu ajiye wa yara.

Sadauki 01:
Ni har yanzu ina ganin dokar ta yi faɗi da yawa, ya kamata a ware kyautar da ke tsakanin uba da ɗa. Amma tunda 'yan uwa ba su yarda ba, babu ta cewa. Allah ya sa a yi biki lafiya, Baba.

Mai Tsire Zangon Kumasi:
Salamu alaikum manya. Tunda ana maganar, ni ma ina da tawa. Ɗan'uwana ya buɗe wurin gashi a Jamus ya nemo min aiki. Wuƙaƙena na sana'a da na saba da su nake so in tafi da su, guda huɗu da magagari. Su ma sai da takarda?

Barista Landan:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wuƙaƙen sana'a ba su da wannan wahalar. Ka naɗe kowace a kwali ka ɗaure, ka sa a kayan awo. A jakar hannu kuwa a'a, filayen jiragen Turai ba sa barin ruwan wuƙa da ya wuce santimita 6 ya shiga cikin jirgi. In ka isa, dokar Jamus ta hana yawo da wuƙa marar naɗewa da ruwanta ya wuce santimita 12, sai da dalili karɓaɓɓe irin na aiki, ko a cikin jaka mai kulle. Ka sayi irin jakar, ka riƙe takardar aikinka a jiki duk ranar da za ka ɗauke su daga gida zuwa shago. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne nama: kada ka sa kilishi ko dambun nama a kayan, Tarayyar Turai ba ta barin matafiyi ya shigo da nama daga ƙasashenmu, kuma ana cin tara a kai.

Mai Tsire Zangon Kumasi:
Na gode Barista. Yajin tsire da ƙuli-ƙuli fa?

Maman Ilham:
Waɗannan na sha aika wa 'yata. Ka tabbatar sun bushe sarai, ka ɗaure a leda mai kyau ka rubuta sunan abin a jiki, in an tambaye ka ka nuna.